Ƙullin Arzika

Duk wanda ya san Arzika mai yasar rijiya ya san ba ya wuce ƙulli bai taɓa shi ba. Akuya ce a turke, buhun albasa ne a bayan babur, ko igiyar shanyar matan gida, sai ya tsaya ya ja, ya girgiza kai, ya kwance ya sake ɗaurewa. Ba sallama, ba neman izini! In ya gama ya karkaɗe hannu ya ce, "Igiya ba ta cin amana, ƙulli ka ci."

Ni Labbo taubashinsa ne, kuma ni ke riƙe masa igiya a bakin rijiya tun muna da baƙin gemu, daga Danchadi har Mandera. Amma ku ji ikon Allah: mutumin nan ya yarda ya bar ransa a hannuna, bai yarda in ɗaura masa igiyar a ƙugu ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Wata rana na ce, "Arzika, in kashe ka nika so, ai sakin igiya ya hi sauƙi."

Ya ce, "Na san ba ka kashe ni da gangan. Gangancinka nika tsoro."

Akwai wani ma'aikacin lafiya da aka turo Bodinga, ya ji daɗin aikinsa, ya sayo masa igiyar leda sabuwa dal. Arzika ya murza ta, ya shinshina, ya ce, "Likita, Allah shi saka. Amma wagga santsi gare ta awa bakin dillali." Matarsa ta samu igiyar shanya, shi ya koma kan ta ramarsa da ya tuƙa da hannunsa.

Babban abokin gabarsa kuwa zarge ne, ƙullin nan da ke ƙara matsewa in an ja. Nasa ƙullin, wanda ya raɗa wa suna Zauna-daram, ba ya gaba ba ya baya. Bai taɓa koya mini ba. Da ido na sace shi, ina gwadawa a ƙafar gado.

To, ranar da aka kira mu garin Horo Birni fa? Guga ya faɗa wa wani magidanci a rijiya, ya yi wa kansa zarge a ƙugu aka zura shi. Igiya ta zame ta kama ƙirji. Muka iske shi yana reto a tsakiyar rijiya, ba sama ba ƙasa, in an ja ta ƙara shaƙe shi, har ya daina amsa kira. Ga Arzika da ɗan-karkare a babban yatsa, hannun dama naɗe da tsumma. Ya gwada ƙullawa da hagu, ta ƙi. Ya gwada da haƙori, ta ƙi. Sai ya miƙo mini igiyar yana kallon gefe.

"Ƙulla, Labbo."

Na karɓi igiyar. Na ƙulla masa Zauna-daram a ƙugu, muka zura shi. Ya shiga ƙarƙashin mutumin ya ɗauke shi a kafaɗa, ya yanke zargen, jama'a suka taru muka jawo su biyu a kan ƙullina. Mutumin yana nan da ransa, har jikoki gare shi.

Da ƙura ta lafa na matsa ina jiran yabo. "To, ƙaƙa kag gani?"

Ya juya ƙullin sama da ƙasa, ya ce, "Bai kashe ni ba." Sannan ya sa haƙori ya kwance, ya ce wai kar yara su gani su koyi kuskure. Kai, Arzika!

Bara da ya cika, ina cikin waɗanda suka yi masa sutura, ni na ɗaure likkafanin. Aka sa shi a kabari, Liman ya sunkuya zai kwance ɗaurin kamar yadda aka saba. Ya ja, shiru. Ya sa farce, shiru. Ya ɗago ya ce, "Subhanallahi! Wa yay yi wanga ɗaurin kawo-wuƙa? Ai sako-sako aka yi ma likkafani!"

Na ce, "Ni na, Malam. Na ji tsoron shi tashi shi sake."

Sai ga dattawa suna toshe baki da hannun riga, a maƙabarta! Ni kuwa na durƙusa na kwance da kaina, hawaye na ɗiga a kan yatsuna. Gaskiyar magana, hannuna ne ya kasa yi masa ƙullin da zai zame. Saukarsa ta ƙarshe ce, kuma babu igiyar da zan riƙe.

Ya Allah, ga Arzika nan mun zura, ba mu da ikon jawowa. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka riƙe shi da igiyarKa wadda ba ta tsinkewa. Amin.