Mai Ɗinkin Ɗakin Bakin Ƙofa

Lokacin da Gwaggo mai keke ta kama hayar ɗakin da ke bakin ƙofar gidan, unguwar ba ta amsa sunan unguwa ba tukuna. Gonaki ne ta ko'ina, sai gidaje jefi-jefi. Wani direban jirgin ƙasa ne ya gina gidan bayan ya yi ritaya, ya ba ta ɗakin domin matarsa ta sami abokiyar hira. Da keken ɗinki da 'yar katifa ta shigo, mijinta bai daɗe da rasuwa ba.

A kan idonta aka shimfiɗa kwalta, aka buɗe makarantar firamare, daga baya ƙaramin asibiti da tashar bas da gidan burodi suka biyo. Kowanne da irin aikin da ya kawo mata: kayan makarantar yara, fararen rigunan ma'aikatan jinya, har da labulen kantin magani.

Gidan kuwa bai zauna a hannu ɗaya ba. Da direban ya rasu, magada suka sayar wa wani mai kayan gyaran mota, wanda ya ɗaga katanga, ya sare mangwaron tsakar gida, amma ya bar Gwaggo a ɗakinta. Shi ma ya sayar wa wani ma'aikacin banki, aka yi masa canjin wurin aiki tun fenti bai bushe ba. Duk sa'ad da aka kafa allon sayarwa sai Gwaggo ta rame. Dillalin unguwar yakan zolaye ta: "Gwaggo, ai har da ke nake yi wa gidan nan kuɗi."

A karo na uku bai yi zolaya ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta saya, domin asibitin yana kusa, kuma tana da tsohon uba a hannunta.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo," in ji ta. "Ina bukatar ɗakin zuwa ƙarshen wata. Tun rasuwar mahaifiyata Baba ya daina magana, abinci ma sai da lallashi. Dole in ɗauko mai kula da shi."

"Gidanki ne, 'yata," in ji Gwaggo. Ba ta faɗa mata cewa duk masu kawo mata ɗinki a kan titin nan suke ba, ko cewa gwiwoyinta sun wuce fara neman jama'a a wata unguwa. Sai ta duƙufa ga ƙarasa kayan mutane.

Wata safiya tana cikin taka keke, inuwa ta rufe mata haske. Tsohon ne tsaye da sandarsa.

"Ina kwana, Baba?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Igiyar kekenki ta saki, ƙararta ta hana ni sakat tun da muka tare. Tashi."

Ashe tela ne, a kan keke ya tsufa. Ya rage igiyar, ya ɗiga mai, ya taka, keken ya koma gudu sumul. Sai ya ɗaga wani wandon makaranta yana yatsina fuska.

"Wa ya koya miki kalmasa?"

"Wani ne mai ladabi, ba ya shiga shagon mutane babu sallama."

Tsohon ya yi dariya har da tari.

Da 'yar tasa ta dawo daga aiki da rana, ta nemi mahaifinta a ɗakinsa ta rasa. A bakin ƙofa ta same shi kan benci, ya ci rabin burodin Gwaggo, yana sa wa rigunan yara maɓalli, suna musu a kan faɗin aljihu. Ta daɗe a tsaye da jakarta a kafaɗa. Sa'an nan ta ja Gwaggo waje.

"Zancen ƙarshen wata, a bar shi. In dai Baba ba zai dame ki ba."

"Zai dame ni ƙwarai," in ji Gwaggo. Ta kama hannun yarinyar da hannu biyu. "Allah Ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini."

Daga ciki tsohon ya ɗaga murya: "In an gama godiyar, a zo a zura mini zare. Idona ba ya ganin kafar allura."