Littattafan da Na Binne a Gindin Rumbu

Na ga abubuwa da yawa a rayuwata, akwai harsashin da ya bar tabo a cinyata, amma ba za ni taɓa mantawa da daminar da na binne littattafan ɗiyata ba. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Gatawa. Ban yi boko ba. Abin da na sani gero ne da dawa da babur.

Ɗiyata ta fari tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya a Sakkwato. Akwai wata jarrabawa da makarantar ke yi musu, ta haɗa duk karatun shekara uku. Wanda ya ci, a tura sunansa ya zauna babbar jarrabawar samun lasisi. Wanda ya faɗi, a cire shi, 'yan ajinsa su wuce su bar shi. Saura mako huɗu a yi ta, uwarta ta kwanta ciwo, sai ta dawo gida da jakar littattafai, tana jinya tana karatu. A cikinsu akwai wani littafi mai kauri da ta rubuta da hannunta tun ranar da ta shiga makarantar. Ko abinci take ci yana kan cinyarta.

Ni ta mayar majinyacin gwaji. Kullum da hantsi sai ta zaunar da ni a kan turmi, ta gaishe ni kamar baƙo, ta faɗa mini abin da za ta yi, ta wanke hannu, sannan ta kama wuyan hannuna tana ƙirga bugun jini. Nakan ce mata, "Ni ubanki na, mi na wani gaisuwa?" Ta ce, "Baba, in ban gaishe ka ba an rage mini maki."

Wata ranar Laraba wani makiyayi da muke mutunci da shi ya tsaya a bakin gonata. Bai ko zauna ba. Ya ce 'yan bindiga sun yi arangama, suna da masu rauni, kuma suna neman mai allura. Ya ce an faɗa musu akwai wata a ƙauyenmu. Na san abin da ke faruwa da ma'aikacin asibitin da suka ɗauka. Ba su karɓar fansarsa da wuri, domin amfani yake musu.

Na dawo gida na ce a shirya, Sabon Birni za mu, gidan ƙanena. Na kwashe littattafan da farar rigarta da abin sauraron ƙirji na cusa a buhu. Ta riƙe mai kaurin nan da hannu biyu.

"Baba, wanga kaɗai. Za ni ɗaure shi a ciki, ƙarƙashin zane."

"Kawo."

"Shekara ukuna na a ciki."

"Ni shekara ashirin da biyu nike renonki. Kawo."

Ta ba ni. Na haƙa rami a gindin rumbu, yadda muke ɓoye hatsi idan za mu gudu, na tura buhun na mayar da ƙasa na tattake. Gero nakan zuba masa toka da ƙaiƙayi don kada gara ta ci shi. Wannan na ga takarda ce, ba abinci ba, wa zai ci ta? Ban tambaye ta ba. Ban saba tambayar kowa ba.

Muka hau babur mu uku, uwarta a tsakiya, ita a baya. Rana tsaka, bayan mun wuce wani kwazazzabo, 'yan bindiga suka fito daga cikin gero. Su biyar. Na kashe babur na sauke ƙafa. Ɗaya ya zazzage ƙullin kayanmu a ƙasa da bakin bindiga, ya tona zannuwa da kwanoni, ya sa matan suka kakkaɓe jikinsu. Da littafin nan yana ɗaure a cikinta, da a nan ya faɗo.

Babbansu yana zaune a kan kututture, ƙafarsa ɗaya ɗaure da tsumma, ta kumbura ta yi baƙi, ƙuda na bin ta. Na waiga na ga idon ɗiyata ya kafe a kan ƙafar. Na san kallon. Shi take yi wa tabona idan tana lissafin abin da za ta fara yi. Babban nasu ma ya gani.

"Ke, mi kike kallo?"

Ta kawar da ido. Na ji numfashin uwarta ya tsaya a bayana.

Na ce, "Tsoron jini gare ta, ranka ya daɗe. Ko kaza anka yanka sai ta yi amai."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. "An ce akwai mai allura garinku."

"Ta koma birni tun watan jiya."

Ya sake dubanta. Sannan ya karɓe wayata da takalmina, ya yi mana nuni da hannu mu wuce. Na tuƙa babur ba takalmi har Sabon Birni, ban ji zafin ƙarfen ba sai da muka isa.

Kwana goma sha biyu muka yi a zauren ƙanena. Ba littafi, ba waya. Ɗiyata tana zaune tana rubutu da tsinke a ƙasa tana sharewa. Da na ji hanya ta lafa, na koma ni kaɗai da sassafe na tona ramin.

Buhun ya zo a hannuna kamar ruɓaɓɓen ganye. Gara ta shiga. Ta gina gidanta a cikin littafin mai kauri, ta cinye tsakiyarsa ta bar bango. Na buɗe shi, jar ƙasa ta zubo. Rigar ma ta zama raga. Ƙarfen abin sauraron ƙirji ne kawai ya tsira. Na zauna a bakin ramin. Ranar da aka harbe ni ban yi kuka ba. A nan na yi.

Na kai mata bangon na ajiye a gabanta. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Baba, da ka tambaye ni, da na ce ka sa su a bokitin roba mai murfi. Yana nan bayan ɗaki."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Saura kwana tara a yi jarrabawar.

Tsoron da na ji a kwanakin nan ya bambanta da na hanya. Ɗan bindiga kana ganinsa. Wannan kuwa ni ne na jawo shi, kuma ba ni da abin da za ni yi. Wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti a unguwar ta ara mata littafi ɗaya, tsoho, rabin shafukansa sun fita. Abin da babu a ciki sai ta neme shi a jikina. Ta sa na tuɓe riga, ta ɗauki gawayi ta zana mini zuciya a ƙirji, huhu a baya, hanta da ƙoda a inda suke. Tana taɓawa tana faɗin sunayensu da aikinsu da ciwon da ke kama su. Matar ƙanena ta leƙo ta ce, "Yaya, yau kai anka mayar allo?" Na ce ta rufe mana ƙofa.

Wani lokaci sai ta tsaya cak, abin ya ɓace mata. A rana ta shida tana gwada wanke rauni a kan tabon cinyata, ta rikice, ta jefar da audugar.

"Ba za ni ci ba, Baba. Kaina ya zama fanko."

Na ce, "Ba ki gaishe ni ba."

Ta ɗago.

"A gida gaisuwa kike farawa da ita. Sannan ki hwaɗi abin da za ki yi. Sannan ki wanke hannu. Sannan ki share daga tsakiya zuwa waje, auduga ɗaya shafa ɗaya. Yau kin tsallake ukku."

Ban san na riƙe su ba sai da suka fito daga bakina. Ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta ce, "Ina kwana, Malam, ya jiki?" Na ce jiki da sauƙi. Ta ɗauko daga farko, ba ta sake tsayawa ba.

Na sa ta a mota zuwa Sakkwato, ba ta ɗauke da komai sai kayan sawa. Mako biyu ina zuwa shagon mai cajin waya ina zama, don lambarsa na ba ta. Duk wayar da ta yi ƙara sai na miƙe. Ranar da ta kira, mai shago ya miƙo mini wayar.

"Baba, sun liƙa sunaye. Ina ciki. Can ƙasa-ƙasa, amma ina ciki."

Na ce, "To." Na miƙa wa mai shago wayarsa, na fita na jingina da bango.

Ta ci babbar jarrabawar daga baya, yanzu tana aiki. Bangon littafin yana cikin akwatina. Ban yi nadamar raba ta da shi a ranar ba, ko yau haka za ni yi. Nadamata ita ce minti ɗaya da ban tsaya na ce mata, ya ake ajiye wannan abin ba. Na ɗauka tunda ni ne na san gudu da ɓuya, na san komai. Tun daga lokacin, idan abu na wani ne, ko ɗan da na haifa ne, ko ana harbi a bayan gari, sai na tambaye shi kafin na sa hannu.