Tanko Kwalta da Wanda Ya Faɗi

Bana shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar Tanko Kwalta, har yau kuwa idan na tauna nama a gefen hagu sai muƙamuƙina ya tuna min da shi. Shi ya karya shi.

Ba zan wanke shi ba. Tanko ɓarawo ne, sau biyu yana shiga gidan yari saboda dilolin atamfa da ke ɓacewa tsakanin masaƙun Kakuri da tashar jirgi. Ɗan mahauta ne daga Makera, ya taso a filin dambe, aka kore shi don ya ƙi naɗe hannu da zare. Sai ya kwaso damben ya kawo titi, ya tara zauna-gari-banza suna binsa.

Ni a lokacin lebura ne mai lodin mota a Sabon Tasha, mahaifiyata kuma tana sayar da tuwo a bakin kasuwa. Mutanen Tanko suka mayar da rumfarta gidan ubansu, su ci tuwo ba biya. Ranar da ɗayansu ya kifar mata da tukunyar miya, na tare Tanko a bainar jama'a na ce ya fito mu gwada. Ƙuruciya ce, ba jarumta ba. Naushi ɗaya ya yi min na tsinci kaina a ƙasa.

Ina kwance na ga mutanensa sun yo kaina da gora da wuƙa. A titi haka ake yi, wanda ya faɗi ƙarasa shi ake yi don kowa ya ji tsoro. Amma a dambe, da zarar gwiwarka ta taɓa ƙasa magana ta ƙare, ba mai sake ɗaga maka hannu. Tanko ya tsallako ya tsaya a kaina.

"Kai, ku ja baya! Ya faɗi."

"Oga, ai mu ba dambe muke ba," in ji mai wuƙar.

"Ni dambe nake."

Mai wuƙar ya matso, Tanko ya shimfiɗe shi kusa da ni. Sannan ya ɗaga ni, ya ce da mahaifiyata, "Mama, a nemo masa mai ɗori."

Wannan tsayuwar ce ta ci shi. Mutanensa suka ce ya fifita bare a kansu, suka watse, daga baya suka nuna wa 'yan sanda maɓoyarsa. Shigarsa gidan yari ta uku bai fito da rai ba.

Yanzu idan na ga taro sun rufe mutum ɗaya da duka, wasu na ɗauka a waya, nakan tambayi kaina me Tanko zai ce. Ina jin tofar da yawu kawai zai yi. Ya cuci mutane da dama, amma ban taɓa jin ya doki wanda ke ƙasa ba, kuma ina kewarsa.

Da aka ce ba wanda ya zo karɓar gawarsa, mahaifiyata ta yafa gyalen zuwa cocinta, ta ja ni har Makera, ta roƙi liman a yi masa sutura. Liman ya tambaye ta ko danginsa ce.

"A'a, Malam," ta ce. "Tuwona ya ci da ƙarfi. Amma ga ɗana nan tsaye."