Télesphore Mai Auna Ƙanƙara

"Sha huɗu kuma?"

"Inci sha huɗu. Da kunnena na ji, ina tsaye ina yanka wa yara burodi."

"Litinin sha huɗu, Talata sha huɗu, yau Laraba sha huɗu. Wace irin ƙanƙara ce wannan da ba ta ƙaruwa ba ta raguwa? Kuma bayan iskar kudu mai ɗumi ta kwana biyu tana busawa?"

"Ni dai rediyo na ji ya faɗa."

"Shi rediyon wa ya gaya masa? Madam Ginette da ke can birni a ɗaki mai ɗumi, yaushe ta taɓa taka La Passe?"

"Kawu Télesphore mana, sai ka ce yau kika zo garin."

"To shi ɗin nake nufi. Maigidana ya ce jiya ya bi ta bakin gaɓa, bai ga sawun babur ko ɗaya ya nufi can ba."

"Iska ce ta share."

"Ta share nasa ta bar na kowa?"

"Ke rage murya, ba mu kaɗai ba ne a kantin nan."

Gaskiyarta kuwa. A bayan buhunan fulawa Rose-Aimée Marcoux na tsaye da gwangwanin madara a hannu, ita ce kuma matar Kawu Télesphore ɗin, aurensu shekara arba'in da shida. Ba ta yi tari ba, ba ta fito ba. Ta jira har matan suka fita, ta mayar da gwangwanin inda ta ɗauko shi, ta tafi gida ba ta sayi komai ba. Ba gulmar ce ta dame ta ba. Ita ma kwana goma ke nan tana lura da wasu abubuwa, ba ta gaya wa kowa ba.

A Anse-Grise ba wanda zai tuna lokacin da Télesphore ba ya kan ƙanƙara. A tsibiri aka haife shi, gidan masu kamun kifi. Yana ɗan shekara sha shida ya fara kai wasiƙu ƙauye zuwa ƙauye, karnuka bakwai na jan sa a kan daskararren teku. Da babur ɗin ƙanƙara ya zo aka bar karnuka, sai ya koma gyaran kwale-kwale da yankan itace. Shekarar da aka kafa ƙarfen rediyo a kan dutsen bayan coci, wani mutum ya sauko daga jirgin ruwa da jaka a kafaɗa. Ya ce daga gidan rediyon gwamnati yake, wanda shi kaɗai ke magana da Faransancinmu a duk tsawon gaɓar nan, suna neman mai faɗa musu kaurin ƙanƙara kowace safiya. Duk wanda ya tambaya, gidan Marcoux ya nuna masa.

Rami uku yake hudawa. Ɗaya gaban matsayar jirgi, ɗaya tsakiyar ruwa, na uku a La Passe, matsatsin da ke tsakanin tsibirai biyu, inda ruwa ke gudu ta ƙasa. Sai ya zura sandarsa mai tsagar inci-inci ya auna, ya kafa reshen itace a ramin don a san an huda, ya dawo gida. Sannan ya aske gemu, ya sa riga mai tsabta, ƙarfe takwas ya ɗauki waya. Askin nan Rose-Aimée ta yi shekaru tana yi masa tsiya a kai.

"Wai ta cikin wayar take ganin ka, tsoho?"

"Mutum ba ya magana da gwamnati da ƙazamin gemu."

Takwas da minti ashirin Ginette Thériault, mai shirin safe, za ta karanta, ta rufe da "in ji Télesphore Marcoux na Anse-Grise." Shekara ashirin da shida ana haka. Ba albashi, sai hula da kalanda duk Kirsimeti. Muryarsa ba ta taɓa fita a rediyo ba. Sau biyu Ginette ta roƙe shi, ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. A garin kuwa ba wanda ke huda rami inda Télesphore ke hudawa. Yin haka daidai yake da ka shiga kicin ɗin mace ka buɗe tukunyarta ka ƙara gishiri.

Ranar Asabar ɗin nan za a ɗaura auren 'yar ƙanen Rose-Aimée a Pointe-au-Sel, ƙauyen da ke tsallake. Babur talatin za su tashi a jere, kowanne na jan amalanken ƙanƙara cike da tsofaffi da yara da tukwanen abinci. Ta tudu tafiyar awa uku ce cikin sanyi. Ta La Passe minti arba'in. In ƙanƙarar wurin ba ta kai inci goma ba, ba mai bi da kaya. Rediyo ya ce sha huɗu, don haka kowa La Passe ya shirya bi.

Abin da Rose-Aimée ta lura da shi ba shi da yawa, amma ya ƙi barin ta. Da yakan yi awa ɗaya da rabi a waje, yanzu minti arba'in ya dawo. Safar hannunsa, da kullum sai ta shanya a kan murhu tana ɗiga, yanzu a bushe take dawowa. Rassan da ya tara bayan rumbun itace ta ƙirga su ranar Lahadi, ashirin da uku. Da ta dawo daga kanti ta sake ƙirgawa, ashirin da uku. Kuma kofin shayi da hannun hagu yake ɗauka, mutumin da ko ƙofa ba ya buɗewa da hagu.

Ranar Alhamis suna karin kumallo Ginette ta karanta. Télesphore ya miƙa hannu ya ƙara murya, ya saurara har aka ambaci sunansa, sannan ya jingina da kujera ya saki numfashi.

"Kin ji ko? Sha huɗu."

"Ai kai ka gaya mata."

"Ta karanta ko ba ta karanta ba?"

"Télesphore, abin da ka sa mata a baki ta karanta."

"Gidan rediyon gwamnati ba ya faɗar abin da ba shi ba. Miƙo mini burodi."

Ta dube shi da kyau. Ba wasa yake ba. Kafin takwas fuskarsa a ɗaure take, yana ta kai da kawowa, amma da zarar maganar ta fito daga akwatin nan cikin muryar Ginette mai tsabta, sai ya yarda da ita kamar kowa a garin, kamar ba daga kicin ɗin nan ta tashi ba.

Juma'a da gari ya waye ya tayar da babur ya fita. Ta ba shi minti biyar, ta zura takalminta ta bi sawun. Hanyar ta bi ta ƙofar Clothilde, wadda mijinta ya rasu bara, sai Rose-Aimée ta fara zargin ko wurinta yake zuwa. Da sawun ya wuce gidan bai tsaya ba, ba ta san ko daɗi za ta ji ba. Da can ya tsaya, ai ita kaɗai abin zai shafa.

A bayan tsohuwar rumfar gishirin kifi ta ga babur ɗin, an ɓoye shi daga hanya. Ta tura ƙofa. Yana zaune a kan ganga, ƙarfen huda na jingine da bango, agogo a tafin hannunsa, yana jiran lokaci ya cika.

"Nan ce La Passe ɗin?"

Ya zabura, agogon ya faɗi. "Bibiyata kike yi, tsohuwa?"

"Tun yaushe?"

"Daga tagar nan ina ganin launinta. Shekara hamsin da biyar ina kallon ƙanƙarar nan, na san ta fiye da fuskarki."

"Wa ya koya wa duk yaran garin nan cewa La Passe ta ƙasa ake cinye ta, ido ba ya gani? Ba kai ba ne? Na ce tun yaushe?"

Ya sunkuya ya ɗauki agogon. Can ya ɗaga hannun dama. Bai kai kafaɗa ba ya tsaya, fuskarsa ta yamutse.

"Tun da na faɗo daga tsani bayan sabuwar shekara. Na gwada juya ƙarfen, na ji kamar ana zare mini hannu. Na ce kwana biyu zai sake."

"Ka ce wa wani ya huda maka mana!"

"Wa? Ɗan gidan Nadeau? Mako ɗaya zai yi, sai ki ji Ginette na cewa in ji Gaétan Nadeau. Tun bara yake zagaya ni yana tambayar inda ramuka suke. Kin ɗauka ban gane ba?"

"To gobe Gaétan ɗin zai ja uwarsa a baya, a kan maganarka. Ni ma ina ciki. Tashi. Ka nuna mini wurin, ni zan juya."

"Ke? Da wannan hannun naki na murza ƙullu?"

"Shi ya ciyar da kai shekara arba'in da shida. Tashi."

Suka bar babur nesa da matsatsin, suka ƙarasa da ƙafa, igiya ɗaure a ƙugunsu, shi a gaba yana bubbuga ƙasa da sanda. Ta lura tun kafin su isa ya rage sauri, yana karkata kai yana sauraron amon. Ya share dusar da takalmi ya nuna mata. Ta kafa ƙarfen ta fara juyawa, shi yana danna saman da hannun hagu yana mita, wai ta miƙe shi tsaye, wai ba miya take damawa ba. Tana shirin tsayawa ta huta sai ƙarfen ya faɗa ciki, baƙin ruwa ya taso ya jiƙa mata takalmi.

Ya durƙusa ya zura sandar. Ya zaro, ya duba, ya sake zurawa.

"Nawa?"

"Ja da baya. A hankali, kar ki buga ƙafa."

"Nawa, Télesphore?"

"Biyar."

Takwas da minti goma suka shiga gida. Ya nufi kwanon aski don sabo, ta ce masa ba lokaci. Ya tsaya gaban wayar yana kallon ta.

"In ce mata biyar kawai. Ba sai an yi dogon bayani ba."

"Jiya sha huɗu, yau biyar? Wace ƙanƙara ce ke zubar da inci tara a kwana ɗaya cikin sanyin nan? Cewa za su yi layin waya ne ya yi ƙara Ginette ba ta ji daidai ba. Kwana huɗu suna jin sha huɗu, ita za su riƙe. Gaétan ne ma zai fara shiga."

Ya daɗe riƙe da kan wayar kafin ya juya lambobin. Rose-Aimée ta matso ta kara kunne.

"Kawu Télesphore! Yau ka makara, har na fara tunanin ko Madam ta hana ka fita. Nawa muke da shi?"

"La Passe biyar."

Aka ji ƙarar takarda ta cikin wayar. "Biyar? A gabana nan jiya an rubuta sha huɗu. Shekaranjiya ma haka. Kai ne kuwa, Kawu? Muryar taka ce, amma lissafin bai yi kama da naka ba. Wanne zan yarda da shi?"

Ya dubi matarsa. Ta kawar da kai ta shiga cire jiƙaƙƙen takalminta.

"Na yau, Madam Ginette. Na yau ne kawai aka huda, kuma ba ni na huda ba. In kika karanta da bakinki ba za su yarda ba, sai sun ji daga wanda ya yi musu ƙaryar." Ya shafa gemunsa da bai aske ba. "Don Allah, in lokacin ya yi kar ki ajiye wayar. Ki haɗa ni da na'urar taku, ki bar ni in gaya musu da kaina."