Hular da ta tashi zaɓenmu

Na sha wahalhalu a Guangzhou ta ƙasar China, da yawansu na manta, amma zaɓen ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ba zai taɓa fita daga raina ba. Ni aka ɗora wa shugabancin kwamitin zaɓe, ba don na fi kowa adalci ba, sai don ni kaɗai ne ban iya cewa a'a ba. Har yau idan na tuna, sai in ji gajiyar ta dawo mini sabuwa.

Mutum biyu ne ke neman kujerar: wani Alhaji ɗan Kano mai sarin takalma a Zhanxi Lu, da wani ɗan Maraɗi mai harkar wandunan jins a Xintang. Su kansu suna gaisawa lafiya, magoya bayansu ne suka ɗauki abin da zafi. Duk wanda na kawo ya tsare akwatin ƙuri'a, sai wani ɓangare ya ce ai ɗan wane ne. Da muka rasa mafita, aka ce a ɗauko cikin 'ya'yanmu da ke sakandare a nan, tunda su ba su shiga kasuwa ba balle a ce suna da ubangida.

Na ɗauka an huta, ashe an gudu ne ba a tsira ba. Mun fara da sharuɗɗa masu hankali: yaro ya kai shekara sha shida, iyayensa su yarda, kada ya zama ɗan uwan mai takara. Daga nan kowa ya fara ƙara nasa. Kanawa suka ce ban da wanda ubansa ke haɗa kwantena da mai takara. Mutanen Nijar suka ce to, ban da wanda ya taɓa shan ruwa a gidan mai takara da azumi. Na ƙarshen shi ya kashe ni: kada yaro ya taɓa karɓar kyauta daga hannun mai takara, ko da goron salla ne. Na ce musu, jama'a, a ƙasar da ba mu da kowa sai junanmu, wane yaro ne bai taɓa karɓar goron salla ba? Ba wanda ya saurare ni. Muka yi ta zama a wani gidan abinci kusa da Liuhua Lu, shayi na hucewa, ana cire yara ɗaya bayan ɗaya, har ba wanda ya rage.

Sai wani dattijo ya tuna da wani yaro. Ubansa Bakano ne, ya rasu tun kafin in zo ƙasar, uwarsa 'yar China ce. An yi jana'iza, an yi ta'aziyya, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ni aka tura gidan.

Uwar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Laoban," wato maigida da yarensu, "tun da aka binne babansa ba wanda ya buga ƙofar nan. Yau kuma lafiya?"

Na gaya mata abin da ke tafe da ni. Yaron ne ya fito, dogo, yana ajin ƙarshe, ya yi ta lallashinta da yarensu. Ban ji abin da ya faɗa ba, amma na ga ta juyar da kai ta shige ciki, na san ta yarda. Hausarsa irin ta ƙananan yara ce, ta tsaya inda ubansa ya bar ta. Kullum bayan makaranta yakan zo shagona ya koyi kiran sunayen mutane don kada ya yi kuskure a gabansu. Ya gaya mini ba abin da yake so illa ya zauna sau ɗaya cikin mutanen babansa, a san da shi.

Ɓangarorin biyu suka bincika shi ciki da bai, ba su sami ko alawa da wani ya taɓa ba shi ba. Suka yi ta murna wai an sami mai gaskiya. Ni kam murnar nan ta ƙona mini rai.

Ranar zaɓe, bayan azahar, yaro ya zauna gefen akwati cikin kayan makaranta, layi ya miƙe. Alhajin takalma ya shigo, ya dube shi, ya yi turus. Ya tambayi ɗan wane ne, aka gaya masa. Ashe tare suka fara zuwa China da marigayin, ɗaki ɗaya suka kwana shekaru. Alhaji ya fashe da kuka a gaban kowa, ya cire hular kansa ya ɗora wa yaron, ya ce, "Ɗana, ka yafe mana."

Kafin hawayen su bushe wani ya miƙe ya ce an karya sharaɗi, mai takara ya yi kyauta. Kuma gaskiyarsa ce, da bakinmu muka amince. Ɗan Maraɗin da kansa ya roƙi a bar maganar, mutanensa suka ƙi. Wuri ya kaure. Na sunkuya na raɗa wa yaron ya mayar da hular kawai, ya ci gaba da aikinsa.

Ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce, "Baffa, idan na mayar, na koma wanda ba shi da kowa ke nan?"

Ya gyara wa hular zama a kansa, ya tashi daga kujerar, ya koma cikin jama'a ya tsaya kusa da Alhaji. Zaɓe ya watse ran nan. Daga baya aka yi shi da ɗaga hannu, ni kuma na ajiye aikin kwamiti, ban sake karɓa ba.

Abin da na koya shi ne a yi hattara da sharaɗin da tsoron juna ya haifa. Mun nemi yaron da ba wanda ya taɓa yi wa alheri a cikinmu, kuma muka same shi. Ranar da muka same shi, kuka ya kamata mu yi, ba murna ba.