Ƙyallen Da Kawu Idi Ya Yayyanka

Yau shekara goma sha tara ke nan da muka kai Kawu Idi makwancinsa a Unguwar Hajji, kuma har yanzu duk damina ta kankama na ga tafki ya cika, sai in kasa zama wuri ɗaya. Matata ta ce tsufa ne. Ni na san ba tsufa ba ne. Wata takarda ce mai layi huɗu da na sa wa hannu.

Kawu Idi ƙanen mahaifiyata ne, duba-gari tun zamanin En'e, irin masu yawo a keke suna leƙa randunan mutane da kwatamin gidaje. Karatunsa bai wuce firamare da horon 'yan watanni ba, amma babu rijiya ko tafki tsakanin Karaye da Rogo da bai san masu shansa ba. Shi ya nema mini makarantar koyon aikin lafiya a Kano, har tasha ya ɗaukar mini akwati. Da na dawo da takardar shaida, ba a daɗe ba aka ɗora ni shugaban sashen lafiya, a kansa. Ran da na fara zama a kujerar ya shigo ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe." Na ce, "Haba Kawu." Ya ce, "A gida ni ne kawu. Nan kai ne babba, ka riƙe abinka da kyau." Na kuwa riƙe, har na wuce gona da iri.

A shekarun casa'in ɗin nan kurkunu ya addabe mu. Tsutsa ce doguwa kamar zare, daga ruwan tafki ake shanta, ta fasa ƙafar mutum ta kwantar da shi daidai lokacin noma. Aka kawo mana ƙyallayen tace ruwa, an ɗinka su daidai bakin randa. Na tsara abin tsaf: kowane magidanci ɗaya, a rubuta sunansa, a aika rahoto. Na so rahoton nan kamar raina.

Ƙauyukan Ruwan Bago na ba Kawu. Mako biyu sai labari ya iso mini wai ya sa almakashi yana yayyanka ƙyallayen. Na hau babur raina a ɓace. Na tarar da shi a bakin tafki cikin manoma, yana ɗaure 'yan ƙyallaye a bakin gorunan ruwansu.

Na ce, "Kawu, kayan gwamnati ne fa."

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. To amma manomi tun asuba yana gona har la'asar, randa ba ta bin sa can. In ƙishi ya kama shi, gora yake dulmuyawa a nan. Na gida na nuna wa mata su ninka farin mayafi su tace. Na gona ne ba shi da mai tace masa."

Wallahi na gane abin da yake nufi, ba zan yi ƙarya yanzu ba. Tsoro ne ya ci ni. Masu dubawa za su zo su leƙa randuna su tarar babu ƙyalle, kuma a ofis an fara tsegumi wai ina ɗaure wa kawuna gindi. Na koma na buga masa takardar gargaɗi: ɓarnatar da kayan aiki da ƙin bin umarni. Ɗaya a hannunsa, ɗaya a fayil ɗinsa. A tsaye ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka." Washegari ya koma ya ci gaba da yankansa.

Kurkunu sai ya shekara a jiki kafin ya fito, saboda haka babu wanda zai iya cewa ga mai gaskiya. Kafin wata damina aka ba Rogo tata ƙaramar hukuma, ana neman wanda zai riƙe sabon sashen lafiya. Kowa Kawu yake ambata, don ya fi kowa daɗewa da sanin ƙasar. Aka buɗe fayil, aka ga takardata, aka ba wani. Da ruwa ya sauka, manoman Kawu suna tsaye a gonakinsu. A ƙauyukan da na raba wa ƙyallaye da suna da rahoto kuwa, a kan jaki ake kawo mana majiya ƙarfi.

Na je gida ba shi haƙuri, na same shi yana liƙin tayar keke. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Ka yi aikinka, na yi nawa. Miƙo mini famfon can." A duba-gari ya yi ritaya, a duba-gari ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga sassan lafiyarmu na yau, kowane shugaba da digiri biyu, kowane ɓangare da jami'insa, taro a otal, rahoto a kwamfuta. Ba zai raina karatu ba, ai shi ya kai ni. Ina jin zai gaida kowa da ladabi, ya bari a gama jawabi, sannan ya tambayi inda mutanen suke shan ruwa in sun bar gida. Ban san mutum nawa za su iya ba shi amsa ba, kuma ba ni da bakin yi musu dariya.

Kwanan baya na zauna da wasu sababbin ma'aikatan lafiya, na tambaye su wa ya taɓa ganin kurkunu. Babu ko ɗaya. Sunan Kawu ma ba su taɓa ji ba, kuma na san hakan ba zai dame shi ba. Ni ne dai abin ke damu.

Bayan sadakar arba'in matarsa ta ba ni gwangwanin takardunsa. Takardata na ciki, ta yi laushi don ninki. A gaba sa hannuna ne da hatimin ofis. Da na juya bayanta sai na ga rubutunsa da fensir, sunayen tafkunan da bai riga ya kai wa ƙyalle ba. Duk ya ja musu layi, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Allah ya jiƙan Kawu Idi, ni kuma ya yafe mini.