Goggon Birin da Ba Ya Ci Shi Kaɗai

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina kula da goggon biri guda ɗaya a gidan namun daji na birni. Can na tarar da shi ya riga ya manyanta, tare kuma muka tsufa. Gadon bayansa ya riga gemuna yin furfura. Mutanen ƙauyenmu, nan gefen Zakirai, ba su taɓa ɗaukar abin a bakin aiki ba. In na zo gida ranar Juma'a sai ka ji ana cewa ga mai ba biri tuwo ya iso. Na gaji da yi musu bayani tun tuni.

Aikin ba na burgewa ba ne. Ka kwashe kashi, ka wanke daɓe, ka yanka gwanda da kabeji, ka hana 'yan kallo jifansa da ɓawon gyaɗa. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin raina. Mutum da gemunsa ya tsaya yana yi wa dabba gwalo. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ba abin da ya sauya.

Da tsufa ya kama goggon sosai, haƙoransa suka fara zubewa, sai ya tsiro da wani hali: ba ya ci in ana kallonsa, kuma ba ya ci shi kaɗai. Da ƙyar na gano haka. Wata rana da hantsi gajiya ta ishe ni, na zauna jikin ƙarfen kejin na ba shi baya, na kwance ƙullin dambuna na fara ci. Can sai na ji tauna a bayana. Daga ranar haka muke yi. In tura masa nasa, in juya, in ci nawa, kamar yadda ake kau da kai don suruki ya samu ya ci.

Ban gaya wa kowa ba. Ana cewa ni kaɗai yake yarda da ni, ni kuma ina jin daɗin a faɗa. Shi ne abu ɗaya da na fi kowa iyawa a duniya, ban so in sake shi ba.

Shuka ta fito ke nan aka yi min ritaya. Takarda kawai aka miƙo min, ba wanda ya tambaye ni yadda ake ciyar da shi, ni ma na tattara kayana na taho gida da fushina. Wanda aka ba aikin abokin aikina ne daga ɓangaren tsuntsaye, mutumin kirki, ba ruwansa da abin da aka yi min.

Kwana biyar da tahowata ya kira ni a waya. Ya ce tsohon ya ƙi cin komai, ruwa kawai yake kurɓa, likita ya duba bai ga wata cuta ba. Ya ce sun gwada ayaba, sun gwada zuma, shi kuma yini yake tsaye a kansa yana lallashi. Ina jin haka na san inda matsalar take. Tsayuwar nan a kansa ita ce.

Sai dai na riga na kira gayyar noman gero, jibi za a yi. An daka fura, an gaya wa makaɗi, duk unguwa ta amsa. A wurinmu mai gona ba ya barin gari da gayya a gabansa, in ka yi haka ba wanda zai ƙara ɗaga fartanya saboda kai. Wannan gaskiya ne, shi kuma na faɗa masa, na ce zan zo da kaina in an gama. Abin da ban faɗa ba shi ne, so nake in shiga gidan nan a ga ya ci a gabana, waɗanda suka miƙo min takarda su ji kunya.

Mai ɗakina tana surfe tana jinmu. Ta ce in dai magana ce ai sai in gaya wa bawan Allah yanzu. Na ce ta ji da turminta.

Aka yi gayya, noma ya yi kyau. Washegari na bi motar farko da nunannun gwanda biyu a buhu. Da na isa, kejin a buɗe yake, an wanke daɓen har ya fara bushewa. Abokin nawa yana zaune a kan bokiti. Ya ce jiya bayan la'asar ne. Ya ce likita ya ce shekaru ne, kuma mai yiwuwa haka ɗin ne, dabbar ta daɗe a duniya. Har yau ina riƙe da maganar likitan nan, amma wallahi ba ta taɓa sa hankalina ya kwanta ba.

Na ajiye buhun. Sannan ya ce, "Malam, don Allah wai me kake yi masa ne yake ci?"

Na gaya masa. Ko minti ɗaya ban yi ina magana ba.

Ya dube ni, ba faɗa, ba zagi. Ya ce, "Shi ke nan? Ai da ka faɗa min a wayar."